Ina Salla, Ina Addu'a, Amma Zuciyata Ta Ƙi Kwanciya

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya, shekaruna 37, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma mahaifiyata tana hannuna. Albashina ba ya kai ni tsakiyar wata, sauran kwanakin da bashin mai shago nake cike su. Muna da zauren WhatsApp na waɗanda muka gama makaranta tare, kusan kullum sai wani ya sa hoton sabon gidansa a Abuja ko na tafiyarsa Umara, ni kuwa in na gani sai ƙirjina ya yi nauyi, har na fara jin haushin mutanen da ba su yi mini komai ba. Wata biyar ke nan barci ya ƙaurace mini, ina farkawa wajen ƙarfe biyu na dare in kwana ina lissafi. Na zama mai saurin fushi da iyalina, na daina zuwa suna da ɗaurin aure, koyarwar da nake so ma ta fita daga raina. Ina salla a kan lokaci, amma hankalina ba ya wurin. Wani abokina ya ce raunin imani ne, gwaggona kuma ta ce sammu aka yi mini. Shin na zama mai butulce wa Allah ne? Ta yaya zan sami wadatar zuci da kwanciyar hankali?

Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah Ya yaye maka wannan damuwa, Ya saka maka da alheri a kan riƙon mahaifiya da ɗawainiyar iyali da tarbiyyar 'ya'yan jama'a. Zan fara da tambayarka ta farko, domin na lura ita ce ta fi ci maka rai. Ban ga butulci a cikin wasiƙarka ba. Mai butulci ba ya tsayawa ya tuhumi zuciyarsa, kuma ba ya jin zafin cewa ya fara ƙin wanda bai zalunce shi ba, kai kuwa wannan zafin ne ya sa ka ɗauki alƙalami.

Abokinka da ya ce raunin imani ne, ina kyautata masa zaton alheri ya nufa, amma ya yi gaggawar yanke hukunci, kuma irin wannan magana tana ƙara wa mai damuwa nauyi, domin yanzu ga rashi, ga rashin barci, ga kuma zargin kai cewa ka yi nisa da Ubangijinka. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yakubu, alaihis salam, wanda ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma da 'ya'yansa suka yi masa magana sai ya ce musu shi ga Allah kaɗai yake kai kukan baƙin cikinsa. A ƙarshen Suratul Hijri, Allah Ya gaya wa Manzonsa, sallallahu alaihi wa sallam, cewa Ya san ƙirjinsa yana ƙunci saboda abin da mutane suke faɗa, sa'an nan Ya umarce shi da tasbihi da sujada, bai zarge shi da ƙuncin ba. Malaman tarihi sun sa wa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu suna shekarar baƙin ciki. A nan ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar waƙoƙin ta'aziyya masu ratsa zuciya da ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma alhinin da ke cikinsu bai rage mata matsayi a idon malamai ba. Zuciya guda tana iya ɗaukar imani da baƙin ciki a lokaci guda.

Akwai kuma wata gaskiya da masu yi wa mutane nasihar haƙuri sukan tsallake, ita ce wani ɓangare na damuwarka ba a cikin kanka ya samo asali ba, daga kasuwa ya zo. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin hukuma na litar mai bai kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma duk mai zuwa cefane ya san farashin abinci da kuɗin mota sun riga sun yi wa albashi nisa. Saboda haka kai ba rago ka zama ba, kuɗin da ke hannunka ne ƙarfinsu ya ragu, kuma ɗimbin malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suna cikin irin halin da kake ciki, illa dai kowa ya rufe ƙofarsa yana zaton shi kaɗai abin ya sama. Ni kam ba na jin daɗin yadda ake ɗauko maganar haƙuri ana toshe bakin mai buƙata da ita, kamar faɗar buƙatar kansa laifi ne. Neman haƙƙinka ta hanyar ƙungiyar malamai, da tambayar ƙarin girman da ya makale, da neman wata sana'a a gefe, duk ba su saɓa wa wadatar zuci ba.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce haƙiƙa ya rabauta wanda ya musulunta, aka azurta shi da abin da zai ishe shi, kuma Allah Ya sa masa wadatuwa da abin da Ya ba shi. Ka lura an ambaci abin da zai ishi mutum kafin a ambaci wadatuwar. A wani hadisin na Muslim kuma ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Lokacin da Abdurrahman bn Auf ya iso Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa a Musulunci Sa'adu bn Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Wannan shi ne fasalin da nake so ka riƙe: hannu yana nema iyakar ƙarfinsa, zuciya kuwa ba ta ɗaura darajar mai ita a kan abin da neman ya kawo. Mutumin da ya yarda cewa ƙimarsa tana hawa tana sauka tare da abin da ke aljihunsa, ko ya sami miliyoyi ba zai huta ba, domin kullum akwai wanda ya fi shi, kuma shi ya sa hadisin Bukhari da Muslim ya ce wadata ba yawan kayan duniya ba ce, wadata ita ce wadatar rai.

Game da bashi, shawarata ita ce ka fitar da lissafin daga duhun dare ka kawo shi cikin hasken rana. Bashin da ba a rubuta ba yakan kumbura a cikin kai da tsakar dare har ya ninka girmansa na gaskiya. Ka zaɓi wata rana bayan La'asar, ka ɗauki biro da takarda, ka rubuta duk wanda yake binka da adadin da yake binka, ka rubuta abin da yake shigowa da abin da yake fita dole. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ayoyi biyu kafin ita an umarci mai bin bashi da ya saurara wa wanda yake cikin matsi har ya sami sauƙi. Ka je ka sami mai shagon ku zauna, ka gaya masa abin da za ka iya biya kowane wata, ko da kaɗan ne, ka kuma cika alƙawarin, domin galibin masu shago sun fi jin zafin wanda yake canza hanya in ya hango su fiye da wanda yake biya a hankali. Idan kuma akwai damar koyar da yara darasi da yamma, ko ɗan noma da damina, ko shiga adashen abokan aiki da ka amince da su, ka zaɓi guda ɗaya ka gwada, kada ka ɗebo duka a lokacin da jikinka yake a gajiye.

Yanzu sai maganar zauren WhatsApp ɗin nan, wadda a ganina ita ce ta fi yi maka ɓarna, domin rashi yana cin aljihu ne, gwada kai da wasu kuwa yana cin abin da ya rage na jin daɗin rayuwa. Iyayenmu ma sun yi gasa, amma mutum yakan gwada kansa ne da maƙwabtan unguwa waɗanda ya san cikinsu da bayansu: ya ga sabon keken wane, ya kuma san rashin lafiyar da ke gidan wane ɗin. Kai kuwa a wayarka ana nuna maka rana mafi kyau ta mutum hamsin ko ɗari, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da bashinsu ko rigimar gidansu ko takardar asibitinsu ba, sa'an nan ka ɗauki dukkan rayuwarka, da daɗinta da ɗacinta, ka aza a kan sikeli da wannan zaɓaɓɓen hoto. Ba ina cewa duk wanda ya sa hoton gida yana ɓoye wata masifa ba ne, wasunsu Allah Ya ba su dukiya da lafiya da kwanciyar hankali gaba ɗaya, kuma bai kamata ka nemi sanyin zuciya ta hanyar yi musu zaton wahala ba. Abin da nake nufi shi ne awon kansa ba daidai yake ba, kuma babu zuciyar da za ta jure a riƙa yi mata shi safe da yamma.

Allah Ya hana Manzonsa, a aya ta 131 ta Suratu Ɗaha, miƙa idanu ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi na ƙawar rayuwar duniya. Abin lura shi ne da ido aka fara, domin abin da ido ya daɗe yana kallo shi zuciya take kwana tana saƙawa. Tun muna yara a makarantar zaure, littafin Ahalari bai kai mu babin tsarki ba sai da ya lissafa mana hassada da ƙiyayya da ganin fifiko a kan wani cikin abubuwan da suka haramta, amma mun fi kula da hukunce-hukuncen alwala muka bar wancan shafin. To kiyaye ido a zamaninmu ya haɗa da sanin abin da za ka buɗe a waya da lokacin da za ka buɗe shi. Ba na ba ka shawarar fita daga zauren, domin zumunci ne, kuma ranar da wani abu ya same ka su ne za su fara tashi. Ka kashe ƙarar saƙonninsa, ka daina bin hotunan da mutane suke ɗorawa, ka riƙa leƙawa sau ɗaya a mako da rana don ganin sanarwar rasuwa ko haihuwa, kuma kada wayar ta kwana kusa da kanka.

Shi kuwa haushin da kake ji, kada ka firgita da shi, kada kuma ka ba shi masauki. Malamai sun bambanta hassada, wadda ita ce burin ni'ima ta gushe daga wani, da sha'awar samun irin abin da ya samu ba tare da son ya rasa ba, wadda babu laifi a cikinta. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i da ta hana burin abin da Allah Ya fifita wasu da shi, a cikinta ne aka ce ku roƙi Allah daga falalarsa, wato an nuna wa buri ƙofar da zai bi. Duk lokacin da ka ga hoton gidan wani ƙirjinka ya yi nauyi, ka ambaci sunansa ka ce Allah Ya sanya masa albarka, Ya ba ka naka na halal. Da farko harshe ne kawai zai faɗa zuciya tana turjiya, amma ka ci gaba, domin yana da wuya ka daɗe kana yi wa mutum addu'a kana kuma ƙinsa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika yana cewa amin, kai ma kana da irinta. Ka kuma tuna hadisin Ibn Mas'ud da ya ce mutum biyu ne suka cancanci a yi sha'awar matsayinsu: wanda aka ba dukiya yana ciyar da ita a hanyar gaskiya, da wanda aka ba hikima yana aiki da ita yana koyar da ita. Ko da yake malamai sun fi fassara hikimar da ilimin addini, mai tsayuwa gaban allo yana koyar da ilimi mai amfani da kyakkyawar niyya ba ya rasa rabonsa, kuma kowane ɗaya daga cikin masu gidajen nan na Abuja ta hannun irinka ya biyo.

Ka ce kana salla amma hankalinka ba ya wurin. Kuskuren da mutane da yawa suke yi a irin wannan hali shi ne su ɗora wa kansu tarin nafiloli da dogayen wuridai a dare ɗaya, in suka kasa bayan kwana uku sai su ƙara yarda cewa lallai su lalatattu ne. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Saboda haka ka fara da gyara abin da kake yi tun asali. Ka riƙa isa masallaci kafin a ta da iƙama, ko da da minti biyar ne, domin wanda ya shigo sahu da gudu yana haki da lissafin cefane a kansa, da shi zai yi sallama. Ka zaɓi salla guda, misali Asuba ko Isha'i, ka ce a wannan zan rage sauri, zan ji abin da nake faɗa a Fatiha, zan ɗan daɗe a sujada in faɗa wa Allah buƙatata. Bayan sallama kada ka zabura, ka zauna ka yi azkar ɗin da ka sani. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ce wa Bilal ya ta da salla a hutar da su da ita, kuma wannan hutun yana zuwa ne a hankali ga wanda ya riƙa ba sallar lokacinta. Ayar Suratur Ra'adi da ta ce da ambaton Allah zukata suke natsuwa gaskiya ce, sai dai ambaton da ake nufi ya haɗa da sanin abin da harshe yake furtawa, don haka ka riƙa karanta ko da rabin shafi ne a rana tare da ma'anarsa, tun da akwai fassarar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Gumi da ta marigayi Sheikh Nasiru Kabara.

Akwai addu'a guda da nake so ka lizimta safe da yamma, domin ta ambaci halinka ɗaya bayan ɗaya. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana yawan cewa: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazani, wal ajzi wal kasali, wal bukhli wal jubni, wa dala'id daini wa galabatir rijal. Wato neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. In ka zo kwanciya kuma, ka yi tasbihin da ya koya wa Nana Faɗima lokacin da ta nemi mai aiki saboda wahalar niƙa: Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34. Game da godiya, kada ka tsaya a kan faɗar alhamdu lillah a dunƙule, ka riƙa ambaton ni'imar da sunanta, domin zuciyar da take cikin ƙunci ba ta ganin abin da ba a nuna mata da yatsa ba: yau an ɗora tukunya, yau yaran sun dawo lafiya, yau mahaifiya ta sa maka albarka. Hadisin da ya ce ku dubi wanda yake ƙasa da ku ya faɗi dalilinsa, wato don kada ku raina ni'imar Allah a kanku, kuma hanya mafi kyau ta aiki da shi ita ce ka je dubiya asibiti ko ka taimaki wani ɗalibinka maraya da abin da ka iya, ko da ƙarin bayanin darasi ne.

Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda'i ya hana kansa barci da abinci saboda ibada, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, kuma Annabi ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye a dare, kuma wanda ya yi wata biyar bai samu ba, dole fushinsa ya yi kusa, sallarsa ta rasa natsuwa, ƙaramar matsala ta zame masa babba. Ka daina cin goro da shan shayi ko kofi daga La'asar, domin sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Ka riƙa tafiya da ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako. In ka farka da tsakar dare barci ya ƙi dawowa, kada ka kwanta kana juyi, kada kuma ka ɗauki waya. Ka tashi ka yi alwala ka yi raka'a biyu marasa tsawo, in ka ji gyangyaɗi ka koma shimfiɗa, lissafin kuwa ka ce masa yana da lokacinsa gobe bayan La'asar.

Duk da wannan, Malam, akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Rashin barci na wata biyar, da janyewa daga jama'a, da fitar sha'awar aikin da ka saba so, da saurin fushi, alamomi ne da likitoci suke dubawa a ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ƙuncin rai ko rashin jin daɗin abubuwa ya zauna wa mutum yawancin yini, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, to ya wuce ɓacin rai na yau da kullum. Ni ba zan iya tabbatar maka da ciwo daga wasiƙa ba, amma abin da ka faɗa ya isa ya sa in ce ka ga likita a cikin makon nan. Ka fara da babban asibitin da ya fi kusa da kai, a auna jininka, a duba suga da ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo, domin wasu cututtukan jiki suna zuwa da irin waɗannan alamomi, sa'an nan ka gaya wa likitan duk abin da ka rubuto mini ba tare da ragi ba. In ya ga dacewar tura ka gaba, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa a ba su magani ne ko a zauna a tattauna da su su koma gida ranar. In an ba ka magani, ka sani yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kuma ba a daina shi sai da izinin likita. Ka nisanci sayen ƙwayar barci a kemis da kanka, domin tana da saurin kama jiki.

Kada wani ya ce maka wannan rashin tawakkali ne ko baƙon abu daga Turai. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashi ko asara, ana magance shi da nasiha da gyaran tunani, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da sababi bayyananne ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah. A Nijeriya ma, a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare masu neman irin wannan magani daga wariya. Idan kuwa har tunanin cewa mutuwa ta fi maka sauƙi ya taɓa zuwa maka, ko tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wanda ka amince da shi a ranar, ku tafi asibiti tare.

Maganar gwaggo kuwa, ka karɓe ta da ladabi, domin ƙauna ce ta sa ta faɗa. Ka karanta Ayatul Kursiyyu, sa'an nan ka karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ka tofa a hannu ka shafe jikinka lokacin kwanciya, kamar yadda ya tabbata a sunna, wannan kariya ce da ba ta buƙatar ko sisi. Amma ka yi nesa da duk wanda zai ce ka kawo rago ko kuɗi masu yawa, ko ya nuna maka wani ɗan'uwa ko abokin aiki ya ce shi ne ya yi maka, domin za ka fito daga wurinsa da ƙarin bashi da sabuwar gaba, alhali sababin halin da kake ciki a fili yake cikin wasiƙarka.

Saura maganar uwargida, wadda ka ambata a jimla guda kawai. Ita tana ganin fushinka amma ba ta san tushensa ba, kuma mai yiwuwa tana can tana zargin kanta, ko tana zaton wani aure kake nema. Maza da yawa suna ganin gaya wa mace halin aljihu zubar da girma ne, alhali ranar da wahayi ya fara sauka, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo gida zuciyarsa tana bugawa, wurin Nana Khadija ya nufa ya ce a lulluɓe shi, ya gaya mata yana tsoro a kan kansa, ita ce ta kwantar masa da hankali ta kuma kai shi wurin Waraƙa bn Naufal. Ka sami lokacin da yara suka yi barci, ka ba ta haƙuri a kan faɗan da kake yi mata, ka nuna mata takardar lissafin nan, ka gaya mata ba ka barci kuma za ka je asibiti. Ita ce take riƙe da tukunya, ta fi ka sanin inda za a rage a cefane ba tare da yara sun ji ba. Su ma yaran ka jawo su jikinka, ko da ta hanyar duba musu aikin makaranta ne bayan Magariba. Ɗaurin aure ko suna na gaba da aka gayyace ka a unguwa, ka sa rigar da kake da ita ka je, ka yi addu'a ka gaisa da mutane, in ka gaji ka dawo da wuri. Bayan ka ga likita kuma ka yi mako huɗu a kan waɗannan abubuwa, ka sake rubuto mini ka gaya mini yadda barcin yake da abin da likitan ya ce.